Kafin a sayo baƙo, a riƙe na gida: Kano Pillars da hutun ƙwallon kwando

Duk sanda kakar ƙwallon kwando ta ƙare, muhawara ɗaya ce ke tasowa a bakin magoya bayan Kano Pillars, daga zauren wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata har zuwa teburan mai shayi na Birnin Kudu da Gwaram da nan Fagam. Kada a yi mamakin jin Jigawa a cikin zancen. Sai a 1991 aka cire ta daga Kano, kuma iyakar da aka shata ba ta raba mutane da ƙungiyar da suke wa kallon tasu ba. Kashi ɗaya na magoya baya na cewa a zubar da tsofaffi, a buɗe bakin aljihu, a sayo manyan sunaye daga Legas da Fatakwal, in da hali har daga Amurka. Ɗaya kashin na cewa a bar yaran gida su girma. Nawa ra'ayin shi ne, aikin farko na hutu ba saye ba ne, riƙe waɗanda ke hannu ne, da kwantiragin da ya wuce kaka ɗaya da albashi a kan lokaci. Sayen baƙo yana biyo baya, mutum ɗaya ko biyu, don toshe gurbin da kowa ya gani da idonsa.

Masu fushi suna da hujja, domin sun san abin da suka saba gani. Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008 da 2009 da 2010, ta sake a 2013 da 2014, sannan 2016 da 2017. Kofi 7 ke nan cikin kaka 10. A 2016 ta je Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, shekarar da Al Ahly ta lashe. To amma a tambayi duk wanda ya kalli wasannin wancan zamani, me ya fi tunawa? Zai ambaci koci Sani Ahmed, zai ambaci Abubakar Usman mai raba ƙwallo, mutanen da suka daɗe har sunansu ya zama ɗaya da na ƙungiyar. Ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar, kuma daƙiƙa 24 kacal ƙungiya ke da ita ta jefa ƙwallo a kwando. Cikin wannan ɗan lokaci babu damar shawara. Mai raba ƙwallo sai ya san inda dogonsa zai juya tun kafin ya juya, masu tsaro sai sun san wa zai bi wa idan abokan hamayya suka yi shinge. Wannan sanin juna ba ya zuwa a cikin jakar sabon ɗan wasa. Idan ka sauya uku daga cikin biyar ɗin farko, rigar ce kawai ta rage, ƙungiyar sabuwa ce.

A Najeriya kuwa matsalar ta ninka, saboda yadda ake buga gasar. A Amurka kowace ƙungiyar NBA tana buga wasa 82 kafin a shiga zagayen fitar da gwani, don haka baƙi suna da watanni su saba da juna. Mu a nan, tun rikicin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa (NBBF) na 2017, lokacin da aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, ɓangaren Tijjani Umar da ɓangaren Musa Kida kowa na cewa shi ne shugaba, gasar cikin gida ta rasa tsayayyen jadawali. Akan tara ƙungiyoyi a gari guda, a buga wasanni a jere cikin 'yan kwanaki, a watse, sai wani zagaye. Ƙungiyar da aka haɗa ana saura mako biyu a fara, kafin 'yan wasanta su gane juna an riga an fitar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙari a kan haka, Pillars ta gwamnatin jiha ce, kamar Gombe Bulls da Kwara Falcons da Rivers Hoopers, kuma ƙungiyar da kuɗinta ke bin kasafin gwamnati ba ita ke zaɓar ranar da kuɗi zai fito ba. Wanda bai san ranar samun kuɗinsa ba, bai kamata ya gina dabararsa a kan cin kasuwar 'yan wasa ba.

Nan ne mai son saye zai ɗaga yatsa ya ce, to Masai Ujiri fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta fi daɗi da yake mutumin a Zariya ya tashi. A 2018, yana shugabancin Toronto Raptors, ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon masu horarwa, sannan a watan Yuli ya ba da DeMar DeRozan, ɗan lelen magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio. Mutanen Toronto da yawa sun ji haushi, amma a 2019 suka ɗaga kofin NBA na farko a tarihinsu. Duk gaskiya ne. Sai dai a duba gidan da Leonard ya tarar. Kyle Lowry yana ƙungiyar tun 2012. Pascal Siakam ɗan Kamaru an zaɓo shi a lamba ta 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 2016, aka raine shi a ƙaramar ƙungiyarsu. Fred VanVleet ma babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a shekarar, su suka ɗauko shi suka gyara. Ujiri ya shekara biyar yana gini kafin ya yi wannan caca, kuma da Leonard ya tafi Los Angeles Clippers bayan kaka ɗaya tak, Toronto ba ta rushe ba a kakar da ta biyo. A gefe guda ga Brooklyn Nets, wadda ta tara Kevin Durant da Kyrie Irving da James Harden a 2021. Wasa 16 kawai su ukun suka buga tare, ko wasan ƙarshe ba su kai ba.

Hujja ta biyu ta fi kusa da gida. Za a ce gasar BAL ta manyan ƙungiyoyin Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, ba a zuwa ta da yaran gida zalla, kuma Kwara Falcons ta je a 2023 ta dawo ba ta ci wasa ko ɗaya ba, alhali Rivers Hoopers ta ɗauko irin su Will Perry da Kelvin Amayo a 2024 ta zo ta uku. Na yarda, wanda zai kara da Petro de Luanda ko Al Ahly dole ya ƙaro ƙarfi daga waje. Amma Hoopers ta ɗora waɗannan baƙi ne a kan koci Ogoh Odaudu, wanda ya shafe shekaru da ƙungiyar, kuma sai da ta ci kofin Najeriya tukuna ta sami tikitin. Pillars ba ta taɓa buga BAL ba daga 2021 zuwa 2024. Kashe kuɗin baƙin da ake bukata a Kigali tun ba a wuce rukunin Savannah na gasar cikin gida ba, tsallake mataki ne.

Su ma masu cewa a bar yaran gida ban sallame su ba. Sau da yawa maganar tasu rufa-rufa ce ga tsohon da ƙafarsa ta gaji, ana riƙe shi don kunya ko sanayya. Raino yana nufin akwai na baya da ke tasowa, kuma a nan ne Jigawa ke da ta cewa. Yaro mai tsawo a Gwaram ko Fagam, ƙwallon ƙafa zai buga, a tura shi raga ko baya, don shi ne kawai wasan da ya tarar. Da Pillars za ta ware ɗan abin da bai kai kuɗin baƙo guda ba, ta riƙa aika masu horar da matasa zuwa makarantun kwana irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, a lokacin hutun kaka, da ta faɗaɗa inda take ɗebo 'yan wasa zuwa yankin da Bauchi Nets ma ke maƙwabtaka da shi.

Saboda haka idan shugabannin ƙungiya suka kira 'yan jarida don nuna sababbin fuskoki sanye da riga, ga abin da ya dace magoya baya su tambaya: cikin biyar ɗin da suka fara wasan ƙarshe na kakar bara, nawa ne ke da kwantiragi a rubuce har zuwa baɗi, kuma yaushe za a shiga sansanin atisaye?