Abin da Fiyano Ba Ya Iya Faɗa

Duk wanda ya bi bukukuwan da aka sha bayan Sallah, daga nan Hausari har Gwange da Bulunkutu, ya ji yayin da ake ciki: samarin situdiyo sun koma ɗauko kiɗan goge da na algaita suna sake buga shi da fiyano. Aikin yana da tsabta, kiɗan yana tayar da 'yan rawa, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Amma da an kunna, sai ka ji dattijo ya ce, "Kai, ba shi ba ne." Mu dai muna ganin dattijon yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa tana aunuwa da lissafi.

A shekarun 1880 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya raba tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama gida 1,200, ya kira kowane gida "sent". Fiyano ya yanka wannan tazara mataki 12 daidai wa daida, kowanne sent 100. Ita kuwa tsirkiya tana da nata hukuncin. Danne ta a tsakiya, ka sami takwaran na sama. Bar kashi biyu cikin uku ya kaɗa, amon ya hau sent 702, fiyano kuwa 700 yake bayarwa. Wannan kunne bai cika kamawa ba. Amma bar kashi huɗu cikin biyar, tsirkiya ta ba ka 386, fiyano ya ce 400. Sent 14 ke nan, kuma mai kunne yana jin su.

To, me ya kawo giɓin? In ka jera waccan tazara ta 702 sau 12, ba za ka sauka daidai kan takwaran amon da ka faro ba, za ka zarce da kusan sent 23. Sai maƙeran fiyano na Turai suka yi irin ta tela da yadi ya yi masa rara: suka ɗan tsakure kowane gefe har ɗinki ya haɗu. Sulhu ne mai amfani, don mutum ya fara waƙa daga kowane maɓalli. Amma sulhu ne na gidan wasu, ba doka ce da ta hau kan kowa ba.

Goge ba shi da matakala, yatsa ne ke zamewa kan izga ya tsaya inda kunne ya ce. Mai algaita a ƙofar fadar Shehu da leɓe da kumatu yake lanƙwasa amo. Mai kalangu yana matse shi a hammata ya bi hawa da saukar harshenmu, harshen da murya kaɗai ke raba kukan yaro da kukar miya. Su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a kan wannan kunne suka gina waƙa. Daɗin yana cikin zamiyar nan da ɗan jinkirin da ake yi tsakanin maɓalli da maɓalli, wurin da fiyano ba shi da ɗaki.

Abin da ya fi damun mu shi ne Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997. In an murɗa ta har ƙarshe, duk muryar da ta tsaya tsakani sai ta fizgo ta zuwa maɓalli mafi kusa. Wato abin da makaɗi ya shekara ashirin yana koyo, kwamfuta ta ɗauke shi kuskure. Shi ya sa mawaƙa goma suke fitowa da maƙogwaro ɗaya.

Ba mu ne farkon shiga wannan rigima ba. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta awon wani kamu da Zalzal, makaɗin Bagadaza, ya shahara da shi, mai kusan sent 355, wanda ya faɗa tsakiyar maɓallai biyu na fiyanon yau. A taron kiɗan Larabawa na Alƙahira a 1932 an yi ta muhawara kan raba tazarar gida 24 daidai, aka tashi ba a daidaita ba. Amma Larabawa ba su saki amonsu ba, har kamfanoni irin su Yamaha suka ƙera musu fiyano mai maɓallan sauke amo da rabin mataki. Kasuwa ta bi kunnensu, ba su bi kunnen kasuwa ba.

Don haka ƙannenmu na situdiyo, ba cewa muke ku jefar da fiyano ba. Ku kira mai goge, ku biya shi haƙƙinsa, ku fara ɗaukar nasa, sannan ku saita na'ura ta bi shi. Fiyano da yawa da manhajojin kwamfuta suna da wurin gyara amo sent-sent, dubawa ce ba a yi. Ku sassauta wa Auto-Tune hannu. Masu biki kuma, in za a kashe kuɗi a kan sifika, a ware na makaɗi.

Yaron da ya tashi bai taɓa jin komai ba sai mataki 12, ran da ya ji algaita zai ce ta kauce. Daga ranar, ko algaitar tana rataye a bango, an riga an rasa ta.