Ƙidayar Wa'adi: Dabarar da 'Yan Gem Ke Kira Maguɗi

A gidajen gem na Talata Mafara, kamar na Bakura da Maradun, ƙwallo ce ke mulki. Yaro ya biya kuɗinsa, ya ɗauki Barcelona ko Madrid a PES ko FIFA, a yi minti goma ana ihu, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na bayansa. In an gaji a koma Mortal Kombat. Wanda kuwa ya ja gefe da wayarsa yana buga irin wasan da ake kira RPG, inda mutum ke ɗaukar jarumi ya yi ta rainonsa daga fage zuwa fage, kallon maras aikin yi ake masa. Zargin iri biyu ne. Na farko, wai wasan ba zafi, sai karatu da jiran layi. Na biyu ya fi ciwo: wai mai cin nasara a cikinsa ba gwani ba ne, ya dai iya sa abokin karawa barci ko ya ɗura masa dafi, sannan ya naɗe hannu yana jiran ya mutu, kuma wannan maguɗi ne. Zargin farko ra'ayi ne, kowa da abin da ke masa daɗi. Na biyun kuskure ne tsantsa, kuma masu yin sa ba su taɓa zama sun ƙirga ba.

Tarihin gajere ne. A 1974 aka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, ana buga shi da takarda da ƙwayar jefawa irin ta ludo. Japanawa suka ɗauke shi zuwa allon talabijin da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987, sannan kamfanin Game Freak ya fito da Pokémon a kan Game Boy a 1996. Dukkansu sun gaji abu guda: bayan sara da naushi, akwai larurorin da ake ɗora wa abokin gaba, irin su barci, dafi, ƙuna, shanyewar jiki da daskarewa. Kowace da ƙa'idarta, kuma da yawansu suna tafiya ne da ƙidayar zagaye. A nan gwanintar take.

A ɗauki dafin Pokémon, domin babu inda dabarar ta fito fili kamarsa. Tun daga Gold da Silver na 1999, dafi na yau da kullum yana cin kashi 1 cikin 8 na jinin dabba a kowane zagaye, ba ƙari ba ragi, zagaye takwas an gama. Amma akwai mugun dafi da ake sakawa da Toxic. Shi yana farawa ne da kashi 1 cikin 16, rabin na farkon ke nan, har mai kallo ya raina shi. Zagaye na biyu ya ci kashi 2, na uku 3, na huɗu 4. In aka tara, a zagaye na uku dafin biyu sun yi kunnen doki, kowanne ya ci 6 cikin 16. Daga na huɗu Toxic ya wuce gaba, 10 da 8. A na biyar ya ci 15, saura ƙiris, na shida kuma ba mai tsallake shi sai da magani. Ko maganin ma yana da iyaka: Recover na mayar da rabin jini, wato 8 cikin 16, don haka daga zagaye na tara abin da dafin ke ci ya fi abin da ake zubawa.

To ina naɗe hannun? Wanda aka sa wa dafin ya san cewa in ya janye dabbarsa ya sako wata, ƙidayar za ta koma farko. Saboda haka ba zai bari a wuce zagaye na uku ko na huɗu ba. Mai dafin ma ya san da haka. Sai ya riga shi: ko ya watsa Spikes a filin tun da wuri, yadda duk dabbar da ta shigo tana taka ƙasa sai ta taka ƙaya, ko ya ɗaure shi da Mean Look ya hana shi fita. In ya samu haka sai ya kare kansa da Protect a wannan zagaye, ya yi wani abu a na gaba, ya sake karewa, domin Protect in aka jera shi yakan ƙi ci. Kowane zagayen da ya saya, farashinsa a jikin abokin karawa ya fi na baya tsada. Mutum biyu ne ke ƙirga lamba ɗaya, kowa na ƙoƙarin gane zagayen da ɗayan zai karaya.

Har ila yau wanda aka takura yana da mafita ta ƙarshe, Rest: dabba ta kwanta da kanta, jininta ya cika, dafin ya wanke, amma sai ta yi barcin zagaye biyu cur. Gwani na jin an yi Rest ya san an ba shi zagaye biyu kyauta. Ya yi Swords Dance sau biyu, ƙarfin dukansa ya ninka uku, mai barci ya farka ya tarar da ajalinsa. Sai dai in an riga an rataya wa mai barcin Chesto Berry, wadda ke tashe shi nan take, lissafin ya rushe.

Gaskiya ne akwai abin da ya cancanci a kira shi ɓaraka. A Pokémon Red da Blue, in aka haɗa Toxic da Leech Seed mai tsotse jini, sai su riƙa hawa kan ƙidaya ɗaya, jini ya zube fiye da yadda aka nufa. An toshe wannan a wasannin da suka biyo baya. A Final Fantasy VI na 1994, wanda aka ɓatar da Vanish ba ya iya kauce wa sihiri, har da na kisa nan take, sai manyan dodanni suka riƙa faɗuwa da bugu ɗaya. Waɗannan kurakuran masu rubuta manhaja ne. Haɗa su da ƙidayar wa'adi a kwando ɗaya rashin sani ne, domin su kansu masu ƙirƙirar wasan sun shafe shekaru suna gyara wa'adin da gangan. Barci a Red da Blue yakan kai zagaye bakwai, kuma zagayen farkawa ma asara ne, har mai sauri ya sake kwantar da mutum kafin ya motsa. A Black da White na 2010 aka mayar da shi zagaye ɗaya zuwa uku, amma in an janye mai barci ƙidayarsa ta koma farko. A X da Y na 2013 aka soke wannan sharaɗin. Ba a yi wa abin da ba a so a yi amfani da shi irin wannan awon.

Abin da masu zargin suka kasa gani shi ne wannan wasa ɗan'uwan dara ne, ba na ƙwallo ba. A dara gurbi 30 ne, 'ya'ya 12 kowa, ba gudu ba tsalle. Dattijon da ya shirya 'ya'yansa yadda duk matsawar da ya yi da ɗa guda, gaba ko baya, sai ta jera masa uku ya ci, babu mai ce masa ya yi maguɗi a kasuwar Talata. Cewa ake abokin karawarsa ya yi sakaci tun wurin zubi. Ƙasar da ta raini masu dara ba ta da hujjar raina mai ƙirga zagayen dafi.

Kuma irin wannan wasan ne ya fi dacewa da yankin. Ba ya neman babbar waya ko intanet mai ƙarfi, abin da duk wanda ya ga rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021 ya san darajarsa. Pokémon na farko gaba ɗayansa bai wuce megabait 1 ba. Gina wasan ƙwallo irin FIFA sai kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata, amma wasan zagaye-zagaye ƙa'idoji ne da lissafi da labari. Ɗaliban kwamfuta a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara za su iya zama su uku ko huɗu su tsara nasu da Hausa, su ɗauko fagen daga Birnin Zamfara ko Alkalawa, su yanke wa sammu da kurciya da layar zana wa'adinsu, sannan su miƙa wa masu dara su nemo inda lissafin ya yi rauni.