Ido Ba Mudu Ba Ne: Sharhi a Kan Kallon Wasannin Ƙanƙara a Talabijin

Duk bayan shekara huɗu, idan watan Fabrairu ya kama, sai ka ga gidajen talabijin na duniya sun yi fari fat da dusar ƙanƙara, domin lokacin gasar Olamfik ta hunturu ya zo. A nan ne masu kallo kan rabu gida biyu. Wasu su ce babu abin da ya kai wannan kallo ƙayatarwa, wasu kuma su ce ko kallon bushewar wanki ya fi shi. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun yi kuɗin goro, sun haɗa wasanni iri-iri sun yanke musu hukunci guda. Abin da nake so in nuna a wannan ɗan sharhi shi ne akwai wani ma'auni guda ɗaya da ke raba mai daɗin kallo da mai gundura a cikinsu, kuma ma'aunin nan Bahaushe ya daɗe da saninsa.

Kafin in kai can, ya kamata mai karatu ya san cewa wasannin sun girmi talabijin. An fara gasar a garin Shamoni na ƙasar Faransa a 1924, amma ba a nuna ta kai tsaye a talabijin ba sai a 1956, a Kortina ta ƙasar Italiya. Watau ba domin mai zama a ɗaki aka tsara su ba. An tsara su ne domin mutanen da aka haifa a cikin tsaunuka, waɗanda zamiya a kan ƙanƙara take a wurinsu kamar yadda hawan jaki yake ga yaron ƙauye a wurinmu. Daga baya ne talabijin ya zo ya same su, ya shiga neman yadda zai sayar da su ga wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba.

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan shi ne ma'aunin da nake nufi. Idan ka je kallon dambe ko kokawa, ba ka bukatar kowa ya gaya maka wanda ya yi nasara. Mutum biyu ne a fili, ɗaya ya kai ɗaya ƙasa, ihu ya tashi. Haka sukuwa: dokin da ya riga isa, kowa ya gan shi. Daɗin kallo yana cikin wannan hukunci da ɗan kallo ke yankewa da idonsa, tun kafin alƙali ya buɗe baki. Duk wasan da ya bar wa ɗan kallo wannan iko, to zai riƙe shi ko da bai san dokokinsa ba. Wanda kuwa ya ƙwace ikon ya miƙa wa agogo, ya mai da ɗan kallo ɗan rakiya.

To, kash, yawancin manyan wasannin ƙanƙara da agogo ake fafatawa. Ɗauki tseren gangara daga kan tsauni, wanda ake yi da dogayen katakai biyu ɗaure a ƙafa. Ba tare ake sakin 'yan tseren ba. Ɗaya ne zai gangaro shi kaɗai, ya yi kamar minti ɗaya da rabi ko biyu, sannan a saki na bayansa, haka har mutum arba'in ko hamsin. Hanya ɗaya ce, kwana ɗaya ce, kaya kusan iri ɗaya, fuska kuma a rufe da hular kwano da tabarau. Idan na goma ya wuce, ka riga ka ga duk abin da za ka gani. Abin da ya rage maka shi ne ka zuba wa 'yan lambobin da ke gefen allo ido, ka ga ko za su yi kore ko ja. A gaskiya lissafi kake kallo, mutumin da ke gangarowa hoton bango ne kawai.

Kada a ce na yi zuƙu, ga misalai. A gasar 1998 a Nagano ta Japan, a wasan da suke kira luj, inda mutum ke kwanciya rigingine a kan ɗan keken zamiya, Silke Kraushaar ta Jamus ta doke 'yar ƙasarsu Barbara Niedernhuber da kashi 2 cikin 1000 na sakan, bayan kowacce ta gangara sau huɗu. Wane ido ne zai san wannan ƙima? A 2014 a Sochi ta Rasha, Tina Maze da Dominique Gisin suka yi kunnen doki a tseren gangara na mata, aka ba kowacce zinariya, alhali kuwa ba su taɓa haɗuwa a kan hanyar ba ko na ƙiftawar ido. Mai sharhi zai yi ta ihu cewa an kafa tarihi. Kai kuma da ke zaune ba ka ga tarihin ba, labarinsa kawai aka ba ka.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Ester Ledecka ta ƙasar Cek a 2018, a Piyonchan ta Koriya ta Kudu. Ita ce ta 26 a jerin masu gangarowa, kuma ba a lissafa ta cikin gwanayen wannan tsere, domin an fi saninta da zamiya a kan faifai guda. Da manyan suka gama wucewa, gidan talabijin na NBC na Amurka ya sanar da masu kallonsa cewa Anna Veith ta Austiriya ta ci, ya juya zuwa wani wasan. Sai ga Ledecka ta gangaro ta ci da kashi 1 cikin 100 na sakan. Da ta iso ƙasa, tsayawa ta yi tana kallon allo baki buɗe, tana zaton agogon ne ya yi kuskure. A lura da kyau: wadda ta yi tseren da ƙafarta ba ta san ta ci ba, ƙwararrun da ake biya domin su nuna tseren sun riga sun kau da kai. Ina kuma ga ni da kai?

Akwai wani laifin kuma wanda na kyamara ne. Kyamara tana shafe tudu da gangare. Shahararriyar hanyar nan ta Kizbuhel a Austiriya tana da wani wuri da ya kusa zama kamar faɗowa daga kan soro, 'yan tsere kuma sukan wuce gudun kilomita 130 a awa. Amma a allo sai ka ga kamar mutum yana sulalawa a kan shimfiɗaɗɗen fili, saboda komai fari ne, babu bishiya ko gida kusa da zai nuna maka saurinsa, kyamarar kuma tana binsa sannu a hankali. Haɗarin da ke sa 'yan kallon da ke wurin riƙe numfashi ba ya ƙetarowa cikin akwatin. Ba ya bayyana sai mutum ya faɗi. Shi ya sa, ko ba a so a faɗa, da yawa daga cikin masu kallon irin wannan tsere faɗuwar suke jira, wannan kuwa ba abin yabo ba ne ga wasan, ba kuma abin yabo ba ne ga mai kallon.

Yanzu mu juya ga ɗaya gefen. Da zarar an saki 'yan wasa tare, sai komai ya sake. A 2002 a Solt Lek Siti ta Amurka, a tseren mita 1000 na gajeren da'ira, mutum biyar suka fito zagayen ƙarshe. Steven Bradbury na Ostireliya shi ne kurar baya, an ba shi rata mai yawa. A kwanar ƙarshe sai huɗun da ke gabansa suka sarƙe suka zube gaba ɗaya, shi kuwa ya sulalo ya wuce ta gefensu, ya ɗauki zinariyar farko da ƙasarsa ta taɓa samu a gasar hunturu. Nuna wa tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Olamfik ba wannan tsere, za ta tafa hannu ta yi salati, domin labari ne cikakke, da farkonsa da ƙullinsa da warwararsa, cikin minti ɗaya da rabi. Haka wasan hoki na 1980 a Lek Filasid, inda ɗaliban jami'o'in Amurka suka doke Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3, alhali Sobiyet ta ci zinariyar gasa huɗu a jere kafin nan. Gidan ABC bai ma nuna wasan kai tsaye ba, sai bayan awa uku, amma hakan bai rage masa armashi ba. Sai dai hoki yana da tasa matsalar, domin 'yar baƙar fayafayin da ake bugawa ba ta fi tafin hannu ba, kuma sau da yawa sai ka ji ihu kafin ka gane ta shiga raga. Gidan Fox ya taɓa gwada sa mata haske a allo daga 1996, masu son wasan suka yi ta tsaki, aka daina a 1998.

Idan aka ce in zaɓi guda, zan zaɓi wanda suke kira bayatalon, wato gudu a kan ƙanƙara haɗe da harbi. Mutum zai yi gudun kilomitoci da bindiga a baya, zuciyarsa na dukan uku-uku, sannan ya tsaya ya harbi 'yan da'irori biyar daga nisan mita 50. Wadda ya samu sai ta rufe ta koma fara, kowa yana gani. Wadda ya kuskure kuwa, a yawancin nau'o'in wasan, sai ya biya ta da ƙarin zagaye na mita 150, abokan hamayyarsa suna wucewa a kan idonsa. Ka ga an mai da kuskure abin da ido ke iya aunawa. Masu shirya wasan sun gane wannan, shi ya sa suka shigo da nau'in bin sawu cikin Olamfik a 2002, da na tashi gaba ɗaya a 2006, inda wanda ya riga isa shi ne ya ci. A 2018 Martin Fourcade na Faransa da Simon Schempp na Jamus suka yi kilomita 15 suka iso kafaɗa da kafaɗa, sai da aka duba hoto. Nan ma ratar ba ta kai taku ɗaya ba, amma bambancinta da ta luj shi ne ka ga mutanen biyu suna miƙa ƙafa tare.

Wani abin mamaki shi ne wasan da aka fi yi wa dariya, wato kalin, yana cikin waɗanda suka fi dacewa da talabijin. Dutse ne mai nauyin kusan kilo 20 ake turawa a kan ƙanƙara, mutum biyu suna share masa hanya da tsintsiya, wasa guda ya ci awa biyu da rabi ko fiye. Babu gudu, babu faɗuwa. Amma kyamara tana sama, kana ganin dutsen wa ya fi kusa da tsakiya, kana jin shawarar da 'yan wasan ke yi da juna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu dara a gindin bishiya, yana cizon yatsa saboda ya hango cin da mai wasan bai hango ba, ya san irin wannan daɗi. Mutanen Birtaniya fiye da miliyan 5 ne suka hana idonsu barci har bayan sha biyun dare a 2002 domin su ga dutsen ƙarshe na Rhona Martin. Ashe rashin sauri ba shi ne gundura ba.

Rawar kan ƙanƙara kuwa tana tsakiya. Kyau dai akwai shi, kuma abin da Jayne Torvill da Christopher Dean suka yi a Sarayebo a 1984, har alƙalai tara duk suka ba su cikakken maki na gwaninta, ba ya bukatar tafinta. Amma a nan ma hukunci ba a hannunka yake ba. Ido ba ya iya ƙidaya ko juyi uku aka yi a sama ko huɗu. A 2002 'yan kallo suka ga kamar 'yan Kanada ne suka ci, alƙalai suka ba 'yan Rasha, daga baya alƙaliyar Faransa ta ce matsa mata aka yi, aka ƙara buga wata zinariya aka ba 'yan Kanada. Sabon tsarin makin da aka kawo a 2004 ya toshe wasu ƙofofin maguɗi, amma ya cika allo da lambobin da sai mai digiri a kansu.

Saura masu sharhi. Aikinsu irin na sanƙira ne a gaban makaɗi, su gaya maka wane ne wannan, ɗan wane ne, me ya taɓa yi. Inda wasa ya bar wa ido hukunci, 'yar kalma kaɗan ta ishe su. Inda agogo ke mulki kuwa, sai su cika maka kunne da labarin ciwon gwiwar ɗan wasa da rasuwar kakarsa, domin su ƙirƙiro maka dalilin damuwa da lambar da za ta fito. Yawan irin wannan labari alama ce ta cewa hoton ya gaza.

Mu ma an taɓa riƙe mu da labari. A 2018 Seun Adigun, wadda ta yi wa Nijeriya tseren tsallake shinge a Olamfik ta Landan a 2012, ta tuƙa akwatin zamiyar da suke kira bobsiled, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suna karɓa-karɓa a bayanta. Su ne tawagar farko daga Afirka a wannan wasa, kuma a gasar ce Simidele Adeagbo ta Nijeriya da Akwasi Frimpong na Gana suka gangara rub-da-ciki a kan nasu keken. Wanda ya kalle su ya kalle su ne domin kore da farin da ke jikinsu, wannan kuwa dalili ne mai ƙarfi. Amma a cire tutar a gani. Mariama Jamanka ta Jamus, wadda mahaifinta ɗan Gambiya ne, ita ta ci zinariya da ratar kashi 7 cikin 100 na sakan a kan ta biyu. 'Yan Nijeriya suka zo can ƙarshen jeri, kimanin sakan 7 a bayanta a jimlar gangara huɗu, wato ƙasa da sakan 2 a kowace gangara. Da za a shafe fentin akwatunan biyu, a rufe agogo, a nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ba zan iya rantsuwa a kan wanne ne na zinariya ba.