Brevet ga manhaja: amsa ga ɗan'uwanmu na fitowar da ta wuce

A fitowar da ta wuce wani abokinmu ya rubuta shafi uku cikin hushi. Ya ce ya kwashe wata takwas yana rubuta manhajar salula ta lissafin adashi don matan kasuwar Arlit, sai anka gaya mashi cewa OAPI ba ta ba da brevet ga manhaja. (Ba brevet ɗin BEPC ba, kar ƙannenmu na collège su ruɗe. Takardar mallakar ƙirƙira ake nufi.) Ya kammala da cewa zalunci ne, Amurka tana ba nata, mu an hana mu. Na karanta sau biyu. Rubutun ya yi daɗi, amma ban yarda da shi ba.

Abin da ya faɗa game da doka gaskiya ne. OAPI, mai hedkwata a Yawunde, ta haɗa ƙasashe 17, Nijar na ciki, kuma tana aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Yarjejeniyar ba ta lissafa manhajar kwamfuta cikin abin da ake ba brevet. Sai dai bai gaya muna rabin na biyu ba: wannan yarjejeniyar dai ta sa manhaja ƙarƙashin haƙƙin marubuci, kamar littafi ko waƙa. Layukan da ka rubuta naka ne tun ranar da ka rubuta su, ba sai ka biya kowa ba. Wanda ya kwafe su ya sayar ya yi sata, kana iya kai shi ƙara. Abin da ba ka iya mallaka shi ne dabarar kanta, wato "a yi lissafin adashi cikin waya". Brevet kuwa dabarar yake kullewa, shekara 20. Ko wani ya zauna a Akokan ya gano hanyar da kanshi, bai taɓa ganin taka ba, an hana shi.

To, nan ne nike son mu tsaya. Mu ƴan garin uranium, wa zai koya muna ma'anar takarda? Kilomita kamar tamanin kudu da mu akwai Imuraren. An ba Areva izinin haƙa a 2009, anka yi biki, matasa sunka sa rai. Aiki ya tsaya, takarda tana hannu ɗaya, ƙarfe yana ƙasa, babu wanda ke iya taɓawa, sai a watan Yuni 2024 gwamnati ta karɓe izinin. Shekara 15 ke nan. Brevet izinin haƙa ne, amma cikin kan mutane. Kuma bambancin ya fi muni: ramin ma'adini in na haƙa kai ba ka samu, dabara kuwa in na yi aiki da ita taka ba ta ragu ba.

Abokinmu yana sha'awar Amurka, sai mu duba ta. A 1999 Amazon ta samu brevet kan sayayya da danna maɓalli sau ɗaya. Shi ke nan ƙirƙirar, wallahi. Ta kai Barnes & Noble kotu a kanta, Apple ma sai da ta sayi izini, takardar ba ta mutu ba sai 2017. Har anka samu kamfanoni da ba su ƙera komi, sana'arsu sayen brevet da tsoratar da ƙanana da shari'a. A 2014 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar Alice da bankin CLS, ta ce ɗaukar tsohuwar dabara a ce "a yi ta da kwamfuta" ba ƙirƙira ba ne. Adashin kakanninmu cikin salula, ko can ɗin da wuya ya tsallake wanga hukunci. A Turai kuma majalisa ta yi watsi da daftarin doka kan wagga magana a watan Yuli 2005, ƙuri'a 648 da 14.

Sannan tambayar da bai yi ba: in an buɗe ƙofar, wa zai fara shiga? Brevet kuɗi yake ci, na ajiya, na mai rubuta takardun, na kowace shekara don kar ya mutu, uwa uba na lauya ranar da anka taka ka, don takarda ba ta kare kanta. Tun da Cominak ta rufe ran 31 ga Maris 2021, gida nawa ne a Akokan ke da wanga ƙarfi? Masu lauyoyi ɗari za su ajiye takardunsu a Yawunde, takarda guda ta rufe ƙasa 17. Mun ga alama da albasa: kamfanin iri na Tropicasem daga Sanigal ya taɓa neman OAPI ta ba shi mallakar Violet de Galmi, sai da manoman Nijar sunka tashi tsaye. Wata irin takarda ce daban, na sani, amma wanda ya riga zuwa ofis ba manomin Galmi ba ne.

Ku tuna kuma yadda waƙa ke yawo nan. Mdou Moctar ya ɗauki faifanshi na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin sunka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memwar har sunka kai kunnen duniya. MP3 ɗin da munka yi ta turawa yana da brevet, na cibiyar Fraunhofer ta Jamus da wasu, kuma masu ƙera na'ura suna biya har 2017. A 2006 an ƙwace na'urorin SanDisk a bajen koli na Balin saboda rigimar wannan. Mu dai hannun masu takarda bai iso nan ba, shi ya sa ba mu ji zafi ba.

Inda na ba shi gaskiya shi ne iyakar ba ta fito sarai ba. Abdou Maman Kané, ɗan ƙasarmu, ya haɗa hanyar ban ruwa daga nesa: manomi ya kira da salula, famfo mai hasken rana ya tashi. Ya ci babbar kyautar ruwa ta Hassan II a 2015. Akwai manhaja ciki, amma akwai famfo, akwai bututu, akwai ruwa mai gudu. Irin wannan na'ura ce, dokar brevet don ita anka yi. A ina na'ura ke ƙarewa manhaja ta fara, lauyoyin Turai har yau suna gardama, ni ma ba zan yanke ba a shafi biyu.

Tsoronshi na ainihi, in na fahimta, shi ne wani mai kuɗi daga Yamai ya ga abin ya yi irinshi. Yana iya faruwa. Amma mai kuɗin bai san wace uwar adashi ke zuba ranar Juma'a ba, bai san mata da yawa sun fi son saƙon murya da Hausa ko Tamajak a kan rubutu ba, bai san yadda réseau ke ɗaukewa ba. Shawarata, ya adana shaidar ranar da ya rubuta aikin, ya tuntuɓi BNDA, ofishin haƙƙin marubuta, ya yi rajistar sunan manhajar a matsayin tambari, wanda shi OAPI tana karɓa. Sa'an nan ya kawo ta zamanmu na gaba. Innata tana riƙe da adashin mata goma sha biyu cikin kaye guda da ya fara yagewa, ta ce za ta gwada.