Zamanin ƙure gudun firosesa ya wuce

A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata firosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun 300 MHz. Masu haɗa kwamfutar tebur da hannunsu suka gano cewa in aka ɗaga saiti ɗaya a madabod daga 66 zuwa 100, sai ta kai 450 MHz, ta kamo ƙafar Pentium II da ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. A 2011 aka sake samun irin wannan garaɓasa da Core i5-2500K, wadda aka sayar a kan 3.3 GHz amma mutane da yawa suka riƙa kai ta 4.5 GHz da fanka mai kyau kawai. Daga nan al'adar ƙure gudu ta samu gindin zama, har ta kai wanda bai taɓa saitin firosesarsa ba ana yi masa kallon bai san kwamfuta ba.

Ni a ganina wannan zamani ya wuce, kuma masu ba da shawarar saye ba su gama yarda da haka ba. Kamfanonin sun daina barin wannan rarar a ciki. Su da kansu suke ƙure firosesar tun daga masana'anta, domin su ci gasar alƙaluma a ranar fitarwa. Core i9-14900K ta 2023 tana taɓa 6 GHz ba tare da ka sa mata hannu ba, kuma Intel ya ba ta izinin jan wat 253. Ryzen 9 7950X ta AMD an rubuta mata wat 170, amma tana iya jan 230, kuma an tsara ta ne ta yi ta hawa har sai ta kai digiri 95 na zafi ta tsaya a nan. Me ya rage da za ka ƙara?

Lissafin abin ne ya kamata mai saye ya riƙe. Wutar da firosesa ke ci tana tafiya da gudunta, amma ƙarfin lantarkin da ake tura mata sau biyu yake shiga lissafin, ana ninka shi da kansa. In ka ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, kuma hakan ya tilasta ƙara ƙarfin lantarki da kashi 10, cin wutar zai tashi da kusan kashi 33. Duk wannan wutar zafi take zama, ba ta da wata mafita. Shi ya sa 'yan MHz ɗin ƙarshe suka fi kowanne tsada. Ba sabon darasi ba ne: zafin Pentium 4 ne ya sa Intel ya soke magajiyarta a 2004, kamfanonin biyu suka koma sa ƙwayoyin aiki biyu a firosesa guda a 2005.

Abin da ya faru a 2024 ya isa ishara. Manyan firosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa katsewa ana tsakiyar aiki. A watan Yuli kamfanin ya amince cewa ƙarfin lantarki da ya wuce kima ne ke lalata su a hankali, daga baya ya fitar da gyaran manhaja, ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa ta gaba, amma wadda ta riga ta ji rauni ba ta warkewa. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su ƙure komai ba, saitin da suka tarar a madabod suka yi amfani da shi.

Mu kuwa namu ya fi tsanani. Masu gwajin da muke kallo a YouTube galibi a ɗaki mai sanyi suke aunawa. Mai sanyaya firosesa, na iska ne ko na ruwa, ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin kawai yake miƙa wa iskar ɗakin. A Sakkwato ko Yamai, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, iskar da fanka za ta ja ta riga ta yi zafi. Firosesar za ta isa iyakarta da wuri, ta rage gudu da kanta don ta tsira, kai kuma ka riga ka biya kuɗin gudun da ba za ka gani ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarafunan sanyaya. Ga kuɗin wuta: a Afrilun 2024 aka kai yunit ɗaya naira 225 ga masu amfani da wuta na rukunin A a Najeriya. Tsakanin firosesa mai jan wat 230 da wadda iyakarta 88 akwai wat 142, wato kusan yunit guda a duk awa bakwai na aiki mai nauyi. Mai tace fim da ke kan sola da inbata ba a takardar kuɗi yake ganin wannan ba, a batir yake gani, lokacin da ya mutu fim bai gama fita ba.

Batun yin ayyuka da yawa a lokaci guda shi ne inda aka fi ruɗar mutane. Ana nuna maka ƙwayoyin aiki 24 a ce da su za ka buɗe komai. Amma wanda aikinsa shafukan intanet ashirin ne da Excel da taron bidiyo, abin da ke shaƙe shi yawanci ƙarancin RAM ne ko tsohon faifan ajiya mai juyawa. Ƙwayoyi shida na Core i5-12400 ko Ryzen 5 5600 sun ishe shi, sauran kuɗin ya ƙara RAM ya sayi SSD. Mai tace bidiyo ko mai zanen gini shi ne ke cin moriyar ƙwayoyi da yawa, kuma ko shi ina ganin Ryzen 9 7900 mai ƙwayoyi 12, wadda aka rubuta wa wat 65, ta fi dacewa da ɗakinsa. A nan Intel ma yana da abin yabo: Quick Sync da ke cikin firosesocinsa yana sauƙaƙa sarrafa bidiyo sosai. Sai dai mai saye ya lura, waɗanda lambarsu ta ƙare da F ba su da shi.

Ba ina cewa a daina taɓa saiti ba. Ina ƙaunar wannan sana'a, kuma gwanintar tana nan, alkiblarta ce ta juya. Gwani a yau shi ne wanda ya iya rage wuta: ya sa wa firosesa iyakar wat, ya sauke ƙarfin lantarki kaɗan kaɗan yana gwadawa har ya gano inda take tsayawa daram. AMD ya tanadi Eco Mode da Curve Optimizer don haka, a ɓangaren Intel kuma ana saita iyakar wat a BIOS. Abin da ake rasawa na gudu kaɗan ne in aka kwatanta da zafi da ƙarar fanka da ake ragewa. Kamfanonin ma sun fara ja da baya: Ryzen 7 9700X ta 2024 da wat 65 ta fito, alhali 7700X da ta gada wat 105 ce.

Wanda ya riga ya mallaki Intel ta zubi na 13 ko na 14 mai jan wuta da yawa, ya sabunta BIOS ɗinsa tun kafin bazara ta shigo, ya zaɓi saitin da Intel ya amince da shi, sannan ya buɗe akwatin ya kakkaɓe ƙurar.