Masu Gano Cuta a Jakar Zuciya

Zuciya ba tsirara take a cikin ƙirji ba. Allah ya lulluɓe ta da wata jaka mai tantani biyu, tsakaninsu ɗan ruwa ne wanda bai fi mililita 50 ba, domin ta riƙa bugawa ba tare da gugar komai ba. Ƙwayoyin cuta kan shiga wannan jaka su sa ta kumbura, ko ta cika da ruwa ko mugunya. A Turai da Amurka abu ne da ba a cika ganin bakteriya sun jawo shi ba. A Afirka kuwa tarin fuka ne kan gaba wajen tara ruwa a jakar zuciya, musamman ga masu ɗauke da ƙanjamau. Likitan da ya iya gano wannan cuta tun tana ɓoye, a ganina, yana cikin gwanaye mafi cancantar yabo a asibiti.

Abin da ya sa aikin ya yi wuya shi ne cutar tana zuwa da rigar wasu. Mara lafiya zai zo da zazzaɓi da haki da kasala, sai a ce maleriya ce ko taifot. Wani cikinsa ne ya kumbura tare da ƙafafu, sai a ɗora wa hanta laifi. Gwani ba ya tsayawa a nan. Yana lura da yadda mutum ya zauna: mai kumburin jakar zuciya yakan ƙi kwanciya rigingine, ya fi son ya zauna ya sunkuyo gaba, don a haka ciwon ke lafawa. Sai likita ya ɗora abin sauraro a gefen hagu na ƙashin ƙirji, ya ce masa ya fitar da numfashi ya riƙe. Idan an dace, zai ji wata ƙara irin ta sabon takalmin fata idan ana tafiya da shi. Ƙarar ba ta da tabbas, da safe a ji ta, da la'asar ta ɓace, shi ya sa mai haƙuri yake komowa gadon nan ya sake saurare.

Akwai wani awo da nake jin daɗin kallonsa, domin ba ya bukatar komai sai abin awon jini na hannu da kunne mai natsuwa. Likita zai hura iska a damtsen mara lafiya, sannan ya riƙa sakin ta a hankali ƙwarai. Da farko bugun jini zai riƙa jiyuwa ne kawai lokacin da mutum ke fitar da numfashi, ya ɓace idan ya shaƙa. Ya riƙe wannan lamba a ransa. Ya ci gaba da sassautawa har sai bugun ya daina ɓacewa, ya riƙe lamba ta biyu. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 10, to alama ce ruwa ya soma shaƙe zuciya. Adolf Kussmaul na Jamus ya bayyana irin wannan bugu a 1873, kuma a 1935 Claude Beck, likitan fiɗa a Amurka, ya haɗa alamomi uku na zuciyar da ruwa ya matse: jini ya yi ƙasa, jijiyoyin wuya sun tashi, bugun zuciya kuma ana jin sa can nesa-nesa. Na'urar hoton zuciya da ake kira eko tana tabbatar da ruwan cikin 'yan mintoci, amma sai wani ya yi zargi kafin a gungura ta zuwa bakin gadon.

Ganin ruwa rabin aiki ne. Sai an san wace ƙwaya ce, domin maganin wannan ba shi ne na waccan ba. Nan ake soka doguwar allura ta ƙarƙashin ƙahon zuciya, ido na kan hoton eko, a zuƙo ruwan da sirinji. Na tarin fuka sau da yawa yana fitowa gauraye da jini. Idan mugunya ce mai kauri, hankali kan koma kan ƙwayoyin da ke kawo namoniya da marurai, ko ta sanƙarau, kuma wannan ba ya jiran gobe, don idan ba a kwashe ta an ba da magani ba, kusan kowa mutuwa yake yi. Abin tsoron shi ne mai mugunyar sau da yawa ba ya ma kukan ciwon ƙirji.

Ƙwayar tarin fuka ba ta da yawa a cikin ruwan, saboda haka madubin likita kan kasa ganin ta, renon ta a ɗakin gwaji kuma yana cin makonni. Don haka ake auna wani sinadari mai suna ADA, wanda idan ya kai 40 yana nuna tarin fuka, a kuma sa ruwan a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, mai ba da sakamako cikin kamar awa biyu. Ita ma idan ta ce babu, gwani ba ya rufe zancen.

Mu kuma muna ƙara wa likita wahala da hannunmu. Kafin a kai mutum asibiti ya riga ya sha kafso iri-iri daga kemis, waɗanda ba su kashe cutar ba amma sun hana ta tsiro a gwaji. Sai takarda ta dawo ba komai, mara lafiya kuma yana ta ramewa. A nan ne tambaya take yin abin da na'ura ta kasa. Wa ke tari a gidanku? Kuna shan madarar da ba a tafasa ba? Ka taɓa karɓar haihuwar akuya ko tunkiya? Ba hira ba ce: ƙwayar burusela tana bin ɗanyar madara, ƙwayar zazzaɓin Q kuma tana cikin mahaifar dabba da ƙurar garke, kuma ita sai an nemi sawunta a jini da gwaji na musamman. Likitan da bai tambaya ba ba zai rubuta gwajin ba.

Farfesa Bongani Mayosi na Jami'ar Cape Town ya jagoranci babban bincike kan tarin fukan jakar zuciya a ƙasashen Afirka, har da Najeriya, da marasa lafiya 1,400, aka wallafa shi a 2014. Ya nuna cewa ƙara maganin prednisolone a kan na tarin fuka bai rage mutuwa ba, amma ya rage yawan waɗanda jakarsu ke ƙandarewa, ko da yake ga masu ƙanjamau ya ƙara haɗarin ciwon daji. Ƙandarewar nan ita ake gudu: jaka ta yi tauri ta ɗaure zuciya, har sai an buɗe ƙirji an ɓare ta. Wanda aka gano nasa da wuri, galibi zuƙe ruwan da shan magani na wata 6 sun ishe shi.