Jinjina ga Masu Haɗa Keken Lantarki

A Tarayyar Turai, injin keken lantarki na yau da kullum ba ya wuce wat 250, kuma yana daina tura mahayi da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Ga mai nisan wurin aiki, wannan tafiyar hawainiya ce. Shi ya sa nake jinjina wa masu haɗa nasu keken a garejin gida, musamman a Amurka da Kanada, don su ajiye mota.

Injin ba shi da wuya: a sayi na Bafang daga ƙasar Sin, a ɗaura shi a gindin feda. Gwaninta tana wajen batir. Ƙananan batura samfurin 18650 ake jerawa rukuni 14 don a samu bolt 52, a haɗe su da siraran ƙarfen nikel ta waldar ɗigo, domin zafin dalma yana lalata baturan. Wayar da aka saka ba daidai ba tana iya tayar da gobara, saboda haka komai sai an auna sau biyu.

Gwanayen cikinsu kuma ba sa rowar kuɗin birki. Suna saka birki mai aiki da mai, da tayoyi masu kauri, kafin su shiga cunkoson safiya da gudun kilomita 45 a awa.